Ranar da Injin Ruwa Ya Wanke Maman Ladi

Har in bar duniya ba zan taɓa mantawa da wata ranar Lahadi a gidanmu na Kafanchan ba.

Ƙanena da ke aiki a Abuja ne ya sa mana wani makunni na zamani a injin bohol. Ana kunna shi da hannu, yana kuma da lokacin da matata ta saita masa a waya, kowace safiya. (Ni dai sanina ya tsaya a kan “to, madalla”.)

Sai tanki ya fara ambaliya da tsakar rana, ruwa yana jiƙa cittar da na shanya. Citta kuwa in ta yi fumfuna, ko kallonta masu saye 'yan Kachia ba sa yi. Nan take na ce Maman Ladi, gwauruwar da ke haya a ɗakin baya, ita ce ke kunna injin. Hujjata? Tana yawan wanki.

Ran Lahadin, bayan sujada na tara mutanen gida, har da dattijon ikilisiya. Na ce ta nemi wani ɗakin.

“Baban Yohanna, ban taɓa shi ba,” in ji ta, hannuwanta a kan cinya.

“To aljani ne?”

Ban rufe baki ba aka kawo wuta. Sai muka ji “ƙas”, inji ya tashi. Babu kowa kusa da shi.

Matata ta duba waya ta ce, “Maigida, ga shi. In hannu ne yana nunawa, in lokacinsa ne yana nunawa. Wannan shi ya kunna kansa. Haka aka saita shi, ya tashi duk sanda aka dawo da wuta.”

Dattijo ya yi tari. Ni kuma na dinga kallon takalmina.

Maman Ladi fa? Tuni ta ɗaure zani ta ruga tana jan tamfol ɗin cittata daga hanyar ruwa.

“Baban Yohanna, ka kama wancan gefen! Ka kore ni daga baya.”

Da tamfol a hannu na roƙi gafara. Ta ce ta yafe, amma in ɗaga sosai, ina zubarwa.

Tana nan har yau. Yanzu in wani abu ya kunnu a gidan nan, waya nake fara tambaya kafin in kira dattijo.