Rasuwar Hajiya Fara, Rautar Gidan Malam Daudu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, irin wanda kan yi yawa har mutum ya daina jin sa, Armaya'u ɗan Malam Daudu na Tsaskiya yake sanar da 'yan uwa da maƙwabta rasuwar rautar gidansu, wato na'urar da ke ba su intanet, wadda yara ke kira Hajiya Fara. Ta cika ranar Laraba bayan la'asar, tana da shekara huɗu, bayan jinyar kwana biyar da shi mai sanarwar ya jawo mata da hannunsa.

Marigayiya ba ta da yawan magana. In an kunna ta sai ta ce ƙit, fitilarta ta yi ja, ta koma ruwan ɗorawa, ta zauna a kore, shi ke nan. Kowa ya san a unguwar nan waya ba ta kama sabis sai an hau tudun bayan makaranta. Ita kuwa, da eriyarta da aka ɗaure a kan gora sama da rufin ɗaki, har kan gado take kawo shi. Ba ta taɓa tambayar wanda ya jingina da katanga yana latsa waya ɗan wane ne ba. Babban aikinta shi ne haɗa Malam Daudu, kowace Juma'a, da yayansa Alhaji Surajo, wanda ya shekara talatin da ɗaya a Jidda. Daga nan ta samu sunan Hajiya.

Ga yadda ciwon ya faro. Malam Daudu ya kwanta rashin lafiya tun farkon damina. Ranar Juma'a da hantsi ya kira Armaya'u ya ce, "Ka haɗa ni da Yaya. Akwai maganar gonar fadama." Gonar rabon gadon Surajo ce. Shekarar da ya tafi, Malam Daudu ya tsaya gaban mai gari ya ce an bar masa ita kyauta, alhali ba a bar masa ba. Tun daga lokacin ba wanda ya ɗaga zancen a cikinsu. Yanzu yana son ya nemi gafara, ido da ido, ya ji amsa da kunnensa.

A kwanakin hoton yana ɗan tsinkewa, don sabis ɗin kamfanin da aka kulle marigayiya a kansa ya yi rauni. Armaya'u mai gyaran waya ne a kasuwar Batsari, kuma ya daɗe yana ganin kansa injiniya. Ya karanta cewa akwai wata manhaja da ake ɗura wa rauta ta karɓi kowane sim. Rubutun ya ce a fara ajiye tsohuwar manhajar kafin a sa sabuwa. Ya ga layin, ya wuce. So yake fuskar Baffansa ta fito tas a irin wannan rana.

Ta tashi da ƙarfinta, ta karɓi sabon sim, sabis ya cika. Minti biyu, sai ƙit. Ja, ruwan ɗorawa, kore. Minti biyu kuma, ƙit.

Babu irin maganin da ba a yi mata ba. An soka mata tsinke a ramin baya, an danne har hannu ya sage. An canza caja sau biyu, an canza batirin sola. An cire sim, an goge shi da bakin riga, an mayar. An ɗora ta kan murfin randa ko zafi ne ke damun ta. Nurain, abokin sana'arsa, ya zo a kan babur da kwamfuta da igiya, ya tambayi tsohuwar manhajar, Armaya'u ya kalli ƙasa. An aika a sayo wata rautar a Katsina, ruwa ya cinye hanya.

Minti biyu ya isa neman gafara. Abin da bai isa ba gaisuwa ce. Da fuskar Alhaji Surajo ta fito, Malam Daudu zai sa a gyara masa hula, ya fara: "Yaya, an tashi lahiya? Ya gajiya? Ya ƙahwar? Ya Hajiya Adawiyya?" Sai ya bi 'ya'ya ɗaya bayan ɗaya, kowa da sunansa. Shi ma Alhaji ya rama: ya jiki, ya damina, gero ya yi kai, ya shanu. Ana kan shanu sai ƙit. In ta dawo, Malam Daudu ya sake sallama daga farko, domin a wurinsa wanda ya fita ya dawo baƙo ne.

Armaya'u ya durƙusa ya ce, "Baba, don Allah ka bar gaisuwar, ka faɗi maganar."

"Yayana ne," in ji shi. "In zo neman gahwara in shiga mashi ba gaisuwa? Mi zai ɗauke ni?"

Armaya'u ya ce to a ɗauki muryar Baban a waya, shi ya hau tudu ya tura. Malam Daudu ya ce ba da aike ya ci gonar ba, ba zai nemi gafara da aike ba.

Sau goma sha tara aka kira cikin kwana huɗu, Armaya'u ya ƙirga. Mafi nisan da aka kai shi ne ranar Litinin da yamma, lokacin da Alhaji ya manta da shanu. Malam Daudu ya ja numfashi ya ce, "Yaya, dama..." Marigayiya ta ce ƙit. Kafin ta dawo barci ya ɗauke shi. Talata da safe Allah ya karɓi abinsa, aka kai shi kafin azahar. Allah ya jiƙansa. Washegari ita ma fitilarta ta tsaya a ja, ba ta ƙara motsi ba.

Sabuwar rauta ta iso ranar Alhamis. Armaya'u ya kira Baffansa, ya faɗa masa abin da ke bayan "dama". Wannan karon layin bai yanke ba. Alhaji ya ce, "Gonar? Ai tun ina cikin jirgi na yahe mashi. Na zaci kewa ce ke sa shi ta kira." Armaya'u bai yi kuka ba. Har yau bai yi ba, yana dai cin abinci in an ajiye masa.

Marigayiya ta bar caja biyu, eriya ɗaya da har yanzu ke kan gora, da sim ɗin da bai amfani kowa ba. Ta bar Tasalla maƙwabciya, da ke tura hoton ɗinkinta ta jikin katanga, da Muhsina da ke karatun jarrabawa da ita. Ta bar Armaya'u.

Ba za a yi mata wanka ko salla ba, tunda ba mutum ba ce. Za a naɗe ta a kwalin da ta zo da shi, a sa ta ƙarƙashin gadon Malam Daudu ranar Juma'a da hantsi, lokacin da aka saba kiran Jidda. Ba sai an shimfiɗa tabarmi ba, na ɗaya zaman makokin ba a naɗe su ba tukuna. Masu zuwa ta'aziyya, Armaya'u na roƙon alfarma ɗaya. In kun shigo, ku fara faɗin abin da ya kawo ku. Zai amsa gaisuwar daga baya, in an samu lokaci.