Fitilar Farce da Hoton Marigayiya

"Lafiya lau, Amarya, in dai wanda aka sace wa rana yana da wata lafiya. Ina aikena?"

Mai Hoto ke nan a kan kujerarsa ta tsakar gida, yana amsa gaisuwar jikarsa mai gyaran farce. Tun yana saurayi da rana yake buga hoto: ya shafa wa takarda magani, ya ɗora fim ɗin hoton da kyamara ta ɗauka, ya danne da gilashi, ya shanya, hoto ya fito shuɗi shar. Sai maƙwabci ya tayar da bene, rana ta daina leƙo gidan. Ga ido yana ta tafiya, likita ya ce sai haƙuri. Burinsa ɗaya, bawan Allah, ya buga fim ɗin marigayiya matarsa ya ga fuskarta kafin duhu ya gama rufe shi. Shi ya sa ya aiki yarinyar ta nemo fitila mai irin hasken rana da ke cin maganin.

"Angona, ƙafata ta kusa tsinkewa," in ji ta. "Sai da na ce ka ba ni in shanya maka a titi."

"In ba ki matata ki tsayar a titi? Allah ya kiyaye! Me kika samo?"

"Mai shago ya nuna min fitilar kashe ƙwayoyin cuta. Ya ce ƙona ido take yi, kuma haskenta ba ya ratsa gilashi."

"Ai ta makara, wane idon za ta ƙona?"

"Sai kuma fitilar kashe sauro. Ita kuma ba ta da ƙarfi, sai ka kwana kana jira."

"Kamar girkinki ke nan."

"Girkin da kake suɗe kwano? Babbar da kake so dai babu, wai sai an yi oda, wata mai kamawa."

Tsohon ya dafe kai. Wata mai kamawa! Shi da jiya ya kasa bambance ƙofa da bango. Zuciyarsa ta karye, har sai da jikar ta gani a fuskarsa. Ta yi maza ta zaro wani ɗan akwati daga jaka.

"Ga fitilata ta shago, ta busar da farce."

Ya lalube ta. "Wannan akurkin? A nan zan sa kakarki, inda 'yan gayu ke cusa yatsu? Ko tafin hannu bai fi ba!"

"To, zaɓi inda kake so. Fuska ko gyale?"

"Mara kunya. Fuskar mana."

Suka yanka takarda mai magani daidai bakin fitilar, ta jera fim da gilashi yadda ya ce, ta kunna. Yana ta mitar an wulaƙanta sana'a, tana cewa sana'ar ce ta tsufa ta bar shi. Da ya ce ya isa, ta wanke takardar a roba. Sai ga kakarta, tana murmushin nan nata na gefen baki.

Ta miƙa masa. Ya kai takardar har kan hanci, ya nisantar, ya sake matsowa.

"Ba laifi," ya ce. "Ga idanunta nan."

A juye ya riƙe hoton. Hawaye ya cika mata ido.

"Kawo nan, za ka ɓata da wannan hannun naka mai kama da tsohon takalmi." Ta karɓa, ta juya a hankali, ta mayar masa.

Ya daɗe yana shafa gefen takardar, sannan ya yi 'yar dariya.

"Na ji kin juya ta, Amarya. Shuɗi kawai nake gani. Fitilarki ta yi, kin ci ni." Ya danƙa mata hoton da fim ɗin. "Riƙe, na ba ki. Zauna nan ki faɗa min, tana dariya?"