Ranar da Na Tsayar da Lokaci

Masana sun ce sai gudu ya kusanci na haske kafin agogo ya ja baya sosai. Da na yi ritaya, na zauna na ƙirƙiro ka'idar da za ta ƙaryata su. 'Yata Rifkatu, ɗalibar fiziks, ta ce, "Baba, ba mu lamba mu gwada."

Na bugi ƙirji na ce daga Trikania zuwa Gonin Gora da dawowa a keke napep, agogona zai rasa minti biyu. Dattawan cocinmu suka zauna jirana da nasu agogon.

Na dawo da giɓin minti arba'in, har na fara shirya jawabin karɓar kyauta. Rifkatu ta kara agogon a kunne.

"Batir ya mutu, Baba."

Ina nan ina gyara lissafin. Amma har yau in na makara coci, Fasto kan ce, "Ku yi wa Farfesa uzuri, a wurinsa lokaci bai yi ba."