Mangwaron Jikokin Kawu Manu

Abubuwa da yawa sun gushe mini, amma ba zan taɓa iya mantawa ba da ranar da na ci ado na tafi karɓar yabo, ashe wurin shari'a na nufa.

Wajen ƙarshen shekarun tamanin ne, lokacin muna cikin jihar Sakkwato. Na gama sakandare ina zaman kashe wando a shagon ɗinkin babana a Gwandu, sai aka zo ɗibar matasa marasa aiki zuwa wani shiri a Kalgo. Da safe mu cika leda da ƙasa da taki mu reni dashen itacen dogon yaro da mangwaro, da yamma a koya mana sana'a. Ni gyaran injin ban-ruwa na zaɓa. An ba mu koriyar hula (tawa sai wanka ke raba ni da ita), kuma malaminmu, Malam Bello, kullum maganarsa ɗaya ce: wanda ya dasa itace, jikokinsa ya dasa wa. Na haddace wannan magana kamar karatun allo.

Da damina ta faɗi aka rarraba mu ƙauyuka dashe. Ni Wurogauri aka tura ni, aka sauke ni gidan wani dattijo, Kawu Manu. Mutumin nan bai haɗa komai da ni ba, amma shi da matarsa Inna Hajo sun riƙe ni kamar ɗan cikinsu. Gona ɗaya gare shi, da ita yake ci da gidansa, ni ma geronta nake sha a fura. Na lura ko itace ɗaya babu a cikinta. Na ce a raina, wayyo, rashin wayewa.

Da muka gama dashen bakin hanya, mangwaro ya yi mini saura. Ranar kasuwa Kawu ya tafi sayar da akuya, ni kuwa na ɗauki magirbi na bi iyakar gonar na jera su reras, har da ƙaya na kewaye kowanne saboda awaki. Ban gaya wa kowa ba, wai ni mai ba da mamaki.

Abin da ban sani ba (ɗan tela ne ni, kuma a makarantar kwana na girma, a yi mini uzuri) shi ne gonar aro ce. Ta wani Alhaji Sambo ce. Kuma a wurin manoma, mai aro yana shuka abin da zai girbe ya tashi, amma ba ya dasa itace. Ranar da ya dasa, ya ce gonar tasa ce ke nan.

Washegari gidan ya canza mini. Kawu ya dawo daga gona bai ci tuwo ba. Inna Hajo, mai tsokanata kullum, ta dire mini ƙwarya ta juya. A masallaci mutane na kallona suna kallon Kawu. Na rasa gane kan abin. Na yi tunanin ko akuyar ce ba ta yi daraja ba. Daga baya na yanke cewa daɗi ne ya yi wa dattijon yawa har ya rasa bakin godiya. Shi kuwa, ashe, kunyar baƙo ce ta hana shi tambayata.

Da aka aiko mai gari na kiran Kawu kan maganar itatuwa, sai na ce to, labari ya kai sama. Na sa rigar Sallah, na ɗora koriyar hula, na bi bayansa.

"Koma gida, ɗana," in ji Kawu. "Wagga magana ba taka ba ta."

Na ɗauka kawaici ne, na ƙara sauri.

Ƙofar mai gari cike take. Alhaji Sambo na zaune yana huci, ni kuwa na ɗauka shi ne babban baƙo, har na yi masa murmushi. Mai gari ya dubi Kawu.

"Manu, kai kad dasa itacen ga?"

"Ranka shi daɗe, ban dasa ba, ban kuma sa a dasa ba."

Nan raina ya ɗan sosu. Wato yabon ma ba za a faɗi mai shi ba? Na miƙe tsaye, na gyara hula.

"Ranka ya daɗe, ni na dasa. Kuma ba don yau na dasa ba. Na dasa ne don 'ya'yan Kawu da jikokinsa su gada, su yi ta sha har bayan ranmu!"

Na tsaya ina jiran tafi. Wani tsoho ya ce, "Inna lillahi." Kawu ya dafe kai da hannu biyu. Alhaji Sambo ya zabura har rawaninsa ya kwance.

"Kun jiya ko? Jikoki! Gonar da nig gada ga ubana! To bana ag girbinai na ƙarshe cikinta!"

Wallahi ko a lokacin ban gane ba. Na juya na tambayi na kusa da ni, "Shi ba ya son mangwaro ne?" Mutumin ya jawo ni ƙasa ta gefen riga, ya raɗa mini bayani a kunne. Sai a lokacin na gane ɓarnar da na yi. Na dubi Kawu, mutumin da ya ciyar da ni, ga shi zai rasa abincin gidansa saboda kyautata. Na fashe da kuka, da gemuna da ya fara tsirowa, ina rantsuwa ina maimaita maganar Malam Bello, ina ƙara ɓata lamarin.

Ina jin kukan ne ya cece mu. Mai gari ya daɗe yana kallona, sannan ya ce wa Alhaji, "Sambo, duba shi da kyau. Wanga ya yi maka kama da wanda aka ƙulla makirci da shi?" Aka kwashe da dariya, har Alhajin ya murmusa. Aka yanke Kawu zai ci gaba da noma gonar, amma in tumɓuke abin da na dasa da hannuna, a gaban shaidu.

Haka na yi, cikin rigar Sallah, rabin gari na biye da ni. Ina cikin tumɓuka sai ga Malam Bello a kan babur, ya zo duba aikin ɗalibinsa. Ya tsaya, ya dubi hular, ya dubi mangwaron da ke hannuna saiwa a sama. Na sunkuyar da kai na ci gaba da tumɓuka.

Mangwaro ɗaya tak Alhaji ya ce a bari, amma shi ya riƙe shi ya mayar da ƙasa da ƙafarsa, don kowa ya shaida wa ya dasa. Yana nan har yau, ya yi katafaren inuwa, kuma jikoki na shan 'ya'yansa kamar yadda na yi alkawari. Jikokin Alhaji Sambo.

Yanzu ina gyaran inji a Kalgo, ina sayar da dashe a gefen shago. Duk wanda ya zo saye, kafin in miƙa masa leda sai na tambaye shi, "Ƙasar taka ce?" Wasu su ji haushi. Su ji, ni na san abin da na gani.