Yadda Za Ka Ceci Gidan Tarihi da Keken Ɗinkin Mahaifiyarka

Idan kana riƙe da gidan tarihi irin nawa, ɗakuna uku da baranda, kuma takarda ta zo daga sama cewa nan da wata guda kwamiti zai zo ya duba ko a bar ka ko a mai da ginin sito, to kwantar da hankalinka. Bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya, na ba ka tabbacin ba za a rufe ka ba. Ni na gwada su. Ga ni nan da mukullaina, shekara goma sha tara ina gadin tukwanen da ba wanda ya taɓa tambayar lafiyarsu.

Mataki na 1: Ƙirga baƙi da buɗaɗɗiyar zuciya

Duk wanda ya tako ƙofa baƙo ne. Mai neman banɗaki baƙo ne, mai fakewa daga ruwan sama ma haka. Idan mai gadi ya shiga ya fita sau shida, baƙi shida ke nan. Ɗauki littafin baƙi, riƙa sauya biro, rubuta “Abin sha'awa!” da hannun hagu. Binciken masana, wato ni, ya nuna kwamiti ba ya zargin mummunan rubutu.

Mataki na 2: Baza kaya

Tukunyar da ta fashe gida uku, kayan tarihi uku ce. Raba su akwati-akwati. Ɗakin da babu komai a ciki kuwa, sa masa suna Zauren Nazari, ka hana surutu.

Mataki na 3: Je gida aro

Bayan duk wannan dabara za ka tarar babban akwatin gilashin da ke tsakiyar zaure wayam yake. Kada ka yi nisa. Ni gidan mahaifiyata na nufa, inda baƙin keken ɗinkinta na ƙafa yake gindin taga tun kafin in san hagu da dama.

“Inna, keken nan nake so ki ara mini, mako ɗaya tak.”

“Ka yi me da shi? Kai da ko maɓalli ba ka iya ɗinkewa?”

“Nuna wa manya za a yi.”

“Manyan naku ba su taɓa ganin keke ba ne?” Ta zare zaren da ke kai, ta lulluɓe shi da tsohon zani. “Asabar ka dawo mini da shi. Akwai ɗinkin mutane a gabana.”

Ka rantse za ka dawo da shi. Ni har sau biyu na rantse.

Mataki na 4: Rubuta bayani, amma kada ka yi tambaya

Kai masani ne, tambaya tana rage wa masani kwarjini. Zauna a ofis, dubi silin, rubuta abin da ya zo maka. Ga nawa: “Keken ɗinki na wata mata da ta rayu a ƙarnin da ya shige. Ba a san sunanta ba.” A lokacin har jinjina wa kaina na yi, na ga ya yi kama da rubutun manyan gidajen tarihi.

Mataki na 5: Kada ka bar kayan aro da mai rajista

Nan ne na kwafsa, don haka buɗe kunnenka. Mai rajistarmu, wadda muke kira Malama Doka, ba ta ganin abu a zaure ta bar shi haka. Na fita sayo sabulun goge gilashi, kafin in dawo ta rubuta wa keken lamba da farar tawada a ƙarƙashinsa, ta shigar da shi babban kundi, ta buga hatimi. A ƙa'idar gidanmu, abin da ya sami lamba ya zama na gida har abada: ba ya fita, ba a taɓa shi sai da safar hannu.

“Malama, aro ne fa!”

“Sashe na huɗu, yallaɓai.”

“To goge mana, wa zai sani?”

“Sashe na tara ya hana gogewa. Kai ka ƙara shi bara, har ka tara mu ka yi jawabi.”

Gaskiyarta. Jawabin ma ya yi daɗi.

Mataki na 6: Ranar kwamiti, tsaya daf da ƙofa

Asabar ta wuce ban leƙa gida ba, wayata kuma ta kamu da rashin caji. Ran Litinin mutum huɗu suka zo da jakunkuna. Sun wuce tukwane ba su ko rage tafiya ba, Zauren Nazari kuwa shugabansu ya leƙa ya ce buhu ɗari biyu zai ci. Na ƙara matsawa daf da ƙofa. Suna isa gaban keken sai ga Inna ta shigo da ƙunshin yadi a hammata, daidai lokacin da shugaban yake karanta bayanina da ƙarfi.

“Ba a san sunanta ba?” in ji Inna. Ta juyo ta dube ni. “Kai ka rubuta?”

Na dubi silin, wannan karon bai ba ni komai ba.

Shugaban ya rusuna. “Baba, kin san mai shi ne?”

“Na ɗan san ta.” Ta ajiye ƙunshin. Ta faɗa musu shekarar da mijinta ya rasu ta sami keken, da yadda ta koyi taka shi da goyo a baya. Ta nuna inda fenti ya goge saboda tafin hannunta. Ta ce kayan makarantar unguwa guda sun bi ta ƙarƙashin allurar nan, har da wandon wannan da ke tsaye yana zufa. Su huɗun duk rubutu suke yi. Ni kuwa kunya ta rufe ni, don rabin labarin ranar na fara jin sa.

Rahoto ya fito bayan mako biyu. Ba za a rufe mu ba. An ambaci keken da lambarsa, an ce shi ne zuciyar gidan, a kula da shi sosai.

Mataki na 7: Ci nasararka

Na sayo wa Inna sabon keke mai lantarki. Ta yi godiya, ta sa albarka, yana nan cikin kwalinsa. Waɗanda suka kawo mata ɗinki sun karɓe yadinsu. Duk Asabar Inna takan zo gidan tarihi da 'yar kwalbar mai, Malama Doka ta miƙa mata farar safar hannu, ta sa, ta ɗiga man, ta juya ƙafar keken sau ɗaya tana sauraro. Ba ta taɓa yi mini faɗa ba, da ma ta yi.

Na sake bayanin, na sa cikakken sunanta da shekarar da ta sami keken. Ta sa Malama Doka ta karanta mata har ƙarshe, sannan ta cire safar a hankali.

“Ya yi kyau,” ta ce. “Ka sa shekarar da na samu. Saura ranar da aka ƙwace.”

Gargaɗi

Marubuci ya yi alkawarin gini ne kawai, kuma ya cika. Abin da zai biyo baya tsakaninka da wadda ta haife ka, babu hannunsa, babu hannun gidan tarihi, babu hannun Malama Doka. Mai ƙorafi ya zo ofis kowace rana ban da Asabar. Ranar ina ciki, amma ba na iya fitowa.