Bajimin Metir Abduljalil

Allah bai manta da ƙasar Dahome ba. A shekarar da ya ba ta 'yancin kai, a ita ya ba ta Metir Abduljalil, mai zanen da ba a taɓa yin irinsa ba daga Djougou har bakin teku. Shi da kansa ya shaida mana haka, kuma wa ya fi shi sani?

Ɗan fataken goro ne. Da farko aikinsa rubuta "Allah Ya Kiyaye" a bayan manyan motoci. Sai ya je Kwatano ya yi mako uku, ya dawo da baƙar hula mai karkata da gemu kamar na bunsuru. Daga ranar ya daina amsa sallama sai an ce Metir, wato babban gwani da Faransanci. Mu a unguwar Ladjifarani ta Parakou muna ce masa Gagara-Gwani, shi kuma ya ɗauka yabo ne.

Abu ɗaya ke cin ransa: a daina ce masa mai fentin mota. Sai ga dama ta samu. Alhaji Audi, babban mahauci a Parakou, ya gina sabuwar rumfa a bakin kasuwar Arzèkè, yana son a zana masa bajimin sā a bango, yadda mai wucewa zai ji yawunsa ya tsinke.

Alhaji ya sa Labbo, Bafulatanin da ke kawo masa shanu, ya jawo wani farin bajimi don Metir ya duba. Metir ya juya wa dabbar baya.

"Alhaji, kallon abu a kwaikwaya aikin mai hoto ne. Ni artis ne. Sā yana nan cikin kaina."

Ya kewaye bangon da zana, ya yi kwana tara a ciki. Da ya zo kan tozo, ya ga yana ɓata masa layi, ya cire. Ƙahonin suka hana shi wurin sa hannu, ya rage su har suka koma kunnuwa. Ƙafafu ya gajarta, domin bangon ba shi da tsawo. Fari kuwa, a cewarsa, launin ƙauyawa ne, sai ya zuba masa ɗan ja. Wutsiyar ya nannaɗe ta, wai alamar ci gaba.

Ranar buɗewa aka taru, har da limamin unguwa. Metir ya yi jawabi rabi Hausa rabi Faransanci, ya ce yau Parakou ta shiga sahun duniya. Aka yaye zana.

Labbo ya daɗe yana kallo, dogare da sandarsa.

"Alhaji, wannan dai ba daga garkena ya fito ba."

Liman ya yi a'uziyya, ya tattara rigarsa ya wuce. Mata suka bi bayansa da kwanukansu wayam. Gaskiya na tausaya wa Alhaji Audi, mutumin da ya yi shekara talatin yana yanka da bismilla.

Metir ko a jikinsa. "Jahilci rigar ƙaya! Ku jira mai ilimi ya zo."

Ba a daɗe ba sai ga mai ilimin. Wani ma'aikacin jirgin ƙasa ne, mutumin kudu, da wando da takalmi ƙafa-ciki. Ya tsaya gaban bangon, fuskarsa ta cika da murna. Metir ya gyara hula, ya matso.

"Musye, kai da ka waye, gaya musu abin da ka gani."

"Magnifique! Kamar ya yi numfashi." Ya juya wurin Alhaji. "Patron, wata shida ina neman naman alade a garin nan. Yanko mini kilo biyu."