Kwatar da Ruwa Bai Isa Ya Shiga Ba

A duk faɗin unguwar nan babu wanda ya san ruwa kamar Shugaban Kwamitin Yaƙi da Ambaliya, wanda mutanen layi suke kira Gagara-Ruwa. Shi ya kafa kwamitin, shi ya zaɓi kansa, kuma shi ya fara yi wa kansa murna, har da 'yar ƙwalla. Ko rana ta take, ba ya fita sai da takalmin roba har gwiwa da hular kwano, wai shugaba ba ya bari hadari ya shammace shi. Idan ya ɗaga kai ya dubi sama, gajimare ma sai ya gyara tafiya.

Kafin ya hau mulki, akwai wani fili mai kwari a ƙarshen layin, cike da ciyawa da 'yan bishiyoyi. Duk ruwan da ya gangaro nan yake taruwa, ƙasa ta shanye abinta a hankali, kwana biyu sai ka ga awaki suna kiwo a wurin. Shugaba ya dubi wannan abu, kunya ta kama shi.

"Jama'a," in ji shi, "a wannan zamani na ci gaba, a ce ciyawa ce take kula mana da ruwa? Wace makaranta ta yi? Wa ya naɗa ta?"

Aka sare bishiyoyin, aka cike kwarin, aka malale shi da siminti sumul kamar faranti. Sannan maza suka yi ta zufa suna haƙa kwata daga farkon layi har babban titi, shi kuma yana tsaye a inuwa yana nuni da sanda. Kai, kwata ta yi kyau! An ɗaga gefenta, an bar mata ƙofofi, an yi mata shuɗin fenti don ruwa ya gane gidansa ne. Kullum da safe Shugaba yakan tsuguna ya goge ta da tsumma, gatan da ɗakin kwanansa bai taɓa samu ba.

Saura buɗewa kawai, kuma Daraktan ayyuka na ƙaramar hukuma ne zai zo ya yanke ƙyalle. Kafin nan, Shugaba ya toshe duk ƙofofin da buhunan yashi, ya lulluɓe samanta da tamfol.

Matarsa tela ce, shagonta yana daf da filin da aka malale. Ita ce kaɗai ba ta jin tsoron sandar.

"Baban yara, hadari fa kullum haɗuwa yake yi. Atamfofin mutane ne cike da shagona. Ka janye buhunan nan mana."

"Maman yara, ke ɗinki kika sani. Ruwan wanke-wanke ya riga Darakta shiga kwatar nan? Ko ruwan sama ne, sai ya jira a gayyace shi."

Ranar biki aka jera kujerun roba a kan simintin, aka kafa rumfa, aka ɗaura jan ƙyalle. Darakta bai iso ba, amma Shugaba bai ga dalilin barin lasifika tana zaman banza ba.

"Daga yau, ruwa ya san yana da shugaba! Daga yau..."

Sama ta amsa. Ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya. Ya gangaro wurinsa na da, ya tarar da siminti. Ya juya wajen kwata, ya tarar da buhu. Da yake baƙo ne mai zumunci, sai ya fara bin gidaje ɗaya bayan ɗaya yana gaisuwa. Kujeru suka tashi suka kama hanya a jere, babu kowa a kansu.

Wani mahauci ya ruga zai fizge buhu, Shugaba ya yi ruf da ciki a kai.

"Kada wanda ya taɓa! Darakta yana hanya!"

"Ranka ya daɗe, katifata ce ta wuce yanzu!"

"Za a tattauna a zama na gaba!"

Wata tsohuwa ce ta fara ɗaga tamfol ta leƙa. Cikin kwata a bushe ƙarau. Nan da nan rabin unguwa ya dira ciki: tsofaffi, masu goyo, mai lasifika da kayansa, har da akuya guda. Shugaba ya bi su yana roƙon a cire takalma saboda fenti.

Can sai ga matarsa tana keta ruwa har cinya, da kan keken ɗinki a kafaɗa. Ta sauke masa ƙullin atamfofi a ka, a jiƙe sharkaf, rini yana bin fuskarsa ja da kore.

"Riƙe, Shugaba. Masu kaya suna zuwa. Kai ka iya jawabi."

Bai kai ga amsawa ba wayarsa ta yi ƙara. Fuskarsa ta washe.

"Shiru! Daga wurin Darakta ne!"

Ya kara wayar a bakin lasifika don kowa ya shaida. Muryar direba ta cika layin.

"Yallaɓai ya ce a gaya muku mun juya, mota ba za ta iya shiga ba. Ya ce abin kunya ne a ce unguwa kamar taku ba ta da kwata. Ku samu wani mai hankali ya haƙa muku."